Zaɓen suwic mai tudu mai sauƙin kuɗi: tambayoyin da masu kibod a Kano ke yawan yi

Tun da kibod mai suwic ya fara shiga hannun mutanenmu, daga masu rubuta manhaja zuwa masu buga wa ɗalibai furojet a shagunan bakin jami'a, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa. Wani ya sayi kwali guda ya tarar bai shiga kibod ɗinsa ba, wani ya ji an yabi wani suna a YouTube ya zuba kuɗi ya dawo yana cizon yatsa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na fara da na sabon shiga. Mai gaggawa ya tsallaka zuwa tambayar abin da za a duba a jikin kibod kafin saye, don a can ne aka fi yin asara.

Wai mene ne suwic ɗin nan, kuma me ya raba kibod mai suwic da wanda muka saba gani a ofis?

Kibod ɗin ofis, irin wanda ke zuwa tare da kwamfutar Dell ko HP, shimfiɗar roba ce guda ɗaya a ƙarƙashin dukkan maballai. Kowane maballi yana zaune a kan ɗan kumburin roba, kuma sai ka danne shi har ƙasa harafi yake fita. Idan robar ta gaji ko ta yage a wuri ɗaya, yawanci kibod ɗin ya tashi aiki ke nan.

Shi kuwa mai suwic, kowane maballi da nasa ɗan inji. Ka cire hular maballin, wato robar da aka rubuta harafi a kanta, za ka ga ɗan akwati mai kara a tsakiya, kan karan da siffar alamar tarawa. A cikin akwatin akwai sifirin da ke mayar da karan sama, da wasu siraran fallayen ƙarfe biyu da ke haɗuwa su aika harafi. A yawancinsu karan yana tafiyar kusan milimita 4, amma harafin yana fita tun a wajajen milimita 2. Wannan ɗan akwatin shi ne suwic, kuma shi ne ke yanke yadda maballi zai ji a yatsa.

Me ake nufi da mai tudu?

Iri uku ne manya. Akwai mai zarcewa, wanda karansa ke sauka sumul daga sama har ƙasa, masu sayarwa suna rubuta masa linear. Akwai mai ƙas-ƙas, wanda aka sa wa abin da ke yin ƙara da gangan, shi ne clicky. Na tsakiya shi ne tactile, wanda muke kira mai tudu: kana dannawa sai ka ji ɗan turjiya, kamar taya ta hau tudun rage gudu a titi, sannan ya saki ya faɗa. Turjiyar daga siffar ƙafafun karan take zuwa. An yi musu ɗan ƙusumbi, shi ne ke goga fallen ƙarfen yayin sauka.

A al'adar da kamfanin Cherry ya kafa, jan kara na mai zarcewa ne, shuɗi na mai ƙas-ƙas, ruwan ƙasa na mai tudu. Kada ka dogara da launi yanzu. Kamfanin Akko na da suwic mai suna Cream Blue, shuɗi ne, amma mai tudu ne ba ya ƙas-ƙas. Kalmar da aka rubuta a bayanin kaya ita za ka bi.

Aikina buga rubutu ne daga safe har Magariba. Mai tudu ne ya dace da ni?

Galibi e. Wanda ya shekara goma yana buga takardu a kibod ɗin roba, yatsunsa sun riga sun saba da abin da ke turjewa sannan ya faɗa, domin ita ma robar haka take yi. Ka ba shi mai zarcewa mara nauyi, sai ka ga haruffa na fita ba da niyyarsa ba, don ko ɗora yatsa ya yi da ɗan nauyi maballin ya sauka. Tudun yana hana wannan, yana kuma sanar da yatsa cewa harafi ya fita.

Masu wasan kwamfuta da ke danna maballi ɗaya sau da yawa a jere sun fi karkata ga mai zarcewa, amma ba doka ba ce. Idan rabin aikinka rubutu ne rabi wasa, mai ƙaramin tudu zai ɗauke maka duka biyun.

An ce mini Cherry ne na asali, sauran duk jabu ne. Haka ne?

Rabin maganar gaskiya ce. Cherry, kamfanin ƙasar Jamus, shi ya fito da samfurin MX a farkon shekarun 1980, kuma siffarsa ce kowa ke bi har yau, shi ya sa hular wannan kamfani take hawa kan karan wancan. MX Brown, kakan masu tudu marasa nauyi, ya fito a 1994. Da wa'adin haƙƙin mallakar samfurin ya ƙare, kamfanonin ƙasar Sin irin su Kailh, Gateron da Outemu suka shiga ƙera nasu a fili da sunansu. A 2014 Razer, kamfanin kayan wasan kwamfuta, ya koma amfani da suwic ɗin da Kailh ya ƙera masa, daga nan kasuwa ta buɗe sosai.

Jabu shi ne wanda aka buga wa sunan wani. Gateron da aka rubuta Gateron a jikinsa ba jabu ba ne, kamar yadda babur ƙirar Sin mai sunansa ba jabun Honda ba ne. Na farko-farkon su sun yi kaushi da rawar kara, gaskiya ne. Amma gasa ta gyara su, har ta kai Cherry da kansa ya fito da sabon zubi mai suna MX2A a 2023, wanda yake zuwa da mai tun daga masana'anta. A ganina mai neman sauƙin kuɗi ba shi da dalilin biyan kuɗin sunan Cherry.

Kafin in sayi komai, me zan fara dubawa a jikin kibod ɗina?

Abu na farko: shin suwic ɗinsa na cire-saka ne, ko an like su da dalma? Masu sayarwa suna rubuta hot-swap ga na cire-saka. Idan haka ne, da ɗan maƙatar ƙarfe da ke zuwa a kwali za ka matse suwic daga sama da ƙasa ka zaro shi. Idan ka ja da matsakaicin ƙarfi bai motsa ba, ka dakata, kada ka yi masa ƙarfin tuwo. Mai yiwuwa likakke ne, sai ka duba tambayar kibod mai dalma a ƙasa.

Na biyu shi ne ramukan da ƙafafun ƙarfe ke shiga, kuma nan ne mutane da yawa suka ƙone. Kibod masu araha da dama, musamman tsofaffin zubin Redragon irin su K552, suna da matsattsun ramuka na Outemu, waɗanda aka yi don siraran ƙafafun suwic ɗin Outemu. Ƙafar Gateron ko Cherry ko Kailh ta fi kauri, ba ta shiga, idan ka tilasta sai ta lanƙwashe ko ramin ya lalace. Ka zaro suwic ɗaya ka leƙa: idan ka ga ƙananan bututun ƙarfe zagayayyu a bakin ramukan, na Outemu ne. Sababbin kibod irin na Keychron, Royal Kludge da Aula da aka rubuta suna karɓar ƙafa uku da biyar, su kusan kowane suwic mai siffar MX yana shiga.

Na uku, ka juya suwic ɗin da ka zaro. Idan babu ƙafafun ƙarfe biyu a gindinsa, to mai aiki da haske ne ko da maganaɗisu, kuma babu ɗaya daga cikin sunayen da ke wannan shafi da zai yi aiki a kibod ɗinka. Haka ma kibod siriri mai gajerun maballai, nasa suwic ɗin daban ne.

Ƙafa uku da ƙafa biyar fa?

Mai ƙafa uku yana da ƙafafun ƙarfe biyu da turken roba a tsakiya. Mai biyar an ƙara masa ƙananan ƙafafun roba biyu a gefe don ya zauna daram. Ba sa ɗaukar wuta. Mai uku yana shiga allon da aka huda wa biyar. Mai biyar kuma, idan allonka na uku ne, sai ka datse na robar biyu da abin yanke farce, ka daidaita su da gindin. Na robar kawai, malam, kada almakashi ya taɓa na ƙarfe.

To a faɗa mana sunaye. Wanne zan saya?

A matakin mafi araha akwai Outemu Brown da Gateron Brown. Outemu shi ne ke zuwa a cikin yawancin kibod masu sauƙin kuɗi, yana da ɗan kaushi kuma sifirinsa kan yi ƙara kamar an taɓa tsirkiya, amma yana aiki, kuma shi ne ba ya ba da matsala a matsattsun ramukan da na ambata. Gateron Brown, musamman zubin G Pro da ke zuwa da mai, ya fi shi laushi nesa ba kusa ba. Tudunsu duka ƙarami ne. Wanda bai taɓa amfani da kibod mai suwic ba kuma yana tsoron gajiyar yatsa, Gateron Brown ba zai ba shi kunya ba.

Idan kana son ka ji tudun sosai ba tare da kuɗin ya yi nisa ba, nan ne Akko ya yi fice, kuma nan nake tura yawancin masu tambaya. Lavender Purple ba shi da nauyi, tudunsa na can sama, da ka fara dannawa kake jin sa, ya dace da mai buga shafi hamsin a rana. V3 Cream Blue Pro ya ɗan fi shi cika yatsa da ƙara, an shafa masa mai daga masana'anta, kuma karansa na da ɗan bango a kewaye da ke rage shigar ƙura. A kwalin 45 ake sayar da su. Kailh Box Brown kuma shi ne na mai fama da ƙura, na yi bayaninsa a tambayar hunturu. Tafiyarsa milimita 3.6 ce, ya ɗan fi sauran gajarta.

Sama da waɗannan akwai Durock T1 da Gazzew Boba U4T. Kuɗinsu ya kai ninki biyu na Akko ko kusa da haka, tudunsu babba ne, faffaɗa, sifirinsu mai nauyi: T1 giram 67, U4T kuma akwai na 62 da na 68. Suna da daɗi, ba na musu. Sai dai mutum ya san yana son babban tudu kafin ya zuba musu kuɗi, domin wasu bayan awa biyu suke fara jin ɗan yatsansu ya gaji. Wani abin da ke taimakon masu Redragon: Outemu ne ke ƙera Boba, don haka ƙafafunsa sirara ne, suna shiga matsattsun ramuka idan an datse na robar. Shi kuwa Holy Panda da ake ta ambato, asalinsa haɗin gambiza ne, aka ɗauki karan suwic ɗin Halo aka sa a gidan Invyr Panda. Sunan ya yi tashe har kowa ya buga nasa, don haka idan ka ga an rubuta Panda da arha, ka ɗauke shi a matsayin wani suwic mai babban tudu kawai.

Me ya sa ake yawan kushe Brown?

Saboda tudunsa ƙarami ne har wasu ke cewa ja ne da yashi ya shiga cikinsa. Idan kana buga rubutu da sauri da ƙarfi, da ƙyar za ka ji shi. Masu kushen yawanci mutane ne da suka ɗanɗani manyan tudu, bakinsu ya saba da yaji. Mai hannu mara nauyi yana jin tudun Brown sarai, kuma ba a banza ya shekara talatin a kasuwa ba. Ka taɓa shi da kanka kafin ka ari bakin wani.

Lambobin giram da ake rubutawa, me suke nufi? Wanne ne daidai da ni?

Nauyin da yatsa ke bukatar sawa ne, amma lambobi uku ne daban kuma masu sayarwa kan cakuɗa su. Akwai nauyin da harafi ke fita a kansa, akwai nauyin haye ƙololuwar tudu, akwai na kaiwa ƙasa gaba ɗaya. MX Brown, alal misali, kusan giram 55 yake bukata a kan tudun. Lambar 62 ko 67 da ke jikin Boba da T1 kuwa ta kaiwa ƙasa ce. Wanda ya jera 45 na fitar harafin wannan da 62 na kaiwa ƙasan wancan ya ce bambancinsu giram 17 ne, ya gwada tsawon wani da faɗin wani.

A mai tudu, lambar tudun ce yatsa ya fi ji. Daga 50 zuwa 55 mara nauyi ne, 60 zuwa 65 matsakaici zuwa mai nauyi, abin da ya haura haka sai mai son motsa jiki. Ka tuna ɗan ƙaramin yatsanka shi ke danna A da Shift, ba manuniya ba. Idan za ka gwada suwic, da shi za ka gwada.

Guda nawa zan saya, kuma nawa zai ci mini?

Ka ƙirga maballanka. Cikakken kibod mai ɓangaren lambobi 104 ne, wanda aka cire wa ɓangaren lambobi 87, ƙaramin nan kuma 61. Ka ƙara aƙalla uku zuwa biyar na ajiya, don sai ka lanƙwasa ƙafa ɗaya ko biyu a ranar farko. Mai 87, kwalin Akko biyu sun ba shi 90. Mai 104 sai kwali uku, ya rage masa 31 a ajiye, ko ya nemi masu sayarwa a ƙunshin 35, uku su ba shi 105, wanda ya yi matsi da yawa.

Kuɗi kuwa da dala ya fi kyau a lissafa, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya. A kiyasi, masu araha suna kamawa daga santi 20 zuwa 35 kowane ɗaya, irin su Boba da T1 kuma wajajen santi 55 zuwa 70. Guda 90 a kan santi 30 dala 27 ke nan, a kan santi 65 kuma dala 58 da rabi, kafin kuɗin kawowa. Ga dabarar mai ƙaramin aljihu idan kibod ɗinka na cire-saka ne: ka sayi kwali ɗaya na 45. Haruffa 26 da lambobi 10 sun ci 36, sauran tara ka sa a dogon maballin tazara, Enter, maballin gogewa, waƙafi da aya da makamantansu. Jerin F1 zuwa F12 da ba ka taɓawa sai jefi-jefi su zauna da tsofaffin suwic ɗinsu. Babu abin da zai lalace don an gauraya.

A ina zan samu a Kano?

A shagunan kwamfuta na titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre, cikakken kibod ya fi sauƙin samu a kan suwic tsiraru a kwali. Amfanin zuwa can shi ne ka taɓa da hannunka. Ka roƙi mai shago ya buɗe maka ɗaya mai Brown, ka buga sunanka da na unguwarku sau biyar, za ka san ko ƙaramin tudu ya ishe ka ko kana son wanda ya fi shi. Ka kuma yi hattara da kibod masu walƙiyar fitilu da aka rubuta wa kalmar mechanical tare da feel a kwali. Na taɓa sayen irinsa a wani shago da ba zan kama suna ba, mai shagon na ta rantsuwa, na zo gida na cire hula na tarar da roba. Ka cire hula ɗaya a gabansa. Ka ga akwati mai zaman kansa da sunan kamfani a jikinsa, sannan ka biya.

Su kansu suwic ɗin yawanci oda ake yi: AliExpress, ko Jumia da Konga idan an dace, ko masu sayar da kayan kwamfuta na Legas da ke aikowa ta mota, ko ta hannun masu yi wa 'yan kasuwa odar kaya daga Guangzhou. Kayan ba su da nauyi, don haka mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya ya fi sauƙi. Kafin babbar odar, ka sayi ƙunshin gwaji mai suwic daban-daban guda tara ko fiye, ko ka sayi goma-goma na iri biyu ka sa a layin tsakiya ka yi mako guda da su. Danna suwic ɗaya a tsakanin yatsu biyu ba ya gaya maka yadda zai kasance a shafi na ashirin.

Ƙurar hunturu ba za ta kashe su ba?

Ita ce babbar abokiyar gabar kibod a garin nan, fiye da yawan aiki. Kamfanoni na rubuta cewa suwic zai jure dannawa miliyan 50 ko fiye, amma a ɗakin gwaji aka auna, ba a shagon da ke bakin titi a watan Janairu ba. Ƙurar da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu laushi gare ta kamar garin fulawa, tana bi ta gefen kara ta sauka a kan fallayen ƙarfe. Alamarta ita ce maballi ya fara fitar da harafi biyu a dannawa ɗaya, ko ya ƙi fitarwa sai an maimaita.

Nan ne Kailh Box ya yi zarra, domin fallayen ƙarfensa suna cikin wani ɗan ɗaki rufaffe a cikin gidan suwic ɗin, kuma kamfanin ya ba shi matakin kariya na IP56 daga ƙura da fantsamar ruwa. Ka lura da bambanci: suwic da yawa suna da bango a kewayen kara, wannan yana rage ƙura amma bai kai rufaffen ɗakin Kailh ba. Zubin farko na Box ya yi suna wajen tsaga hula saboda karansa ya ɗan yi kauri, an gyara wannan tun 2018, sai dai a kula idan tsohon kaya ne na hannu.

Duk da haka, abin da ya fi kowane suwic aiki kyalle ne. Ka rufe kibod duk lokacin da ka tashi, ko sallah za ka je. Sau ɗaya a mako ka kifa shi ka kaɗa, ka bi tsakanin maballai da busasshen buroshin fenti. Kofin shayi da na zoɓo kuma su koma ɗaya gefen tebur, don sukari idan ya bushe a cikin suwic ya fi ƙura ɓarna.

Dole ne in shafa musu mai? Wane iri?

Ba dole ba ne, kuma yawancin sababbin masu araha suna zuwa da nasu. Ka yi wata guda da su tukuna, kaushin farko kan ragu da kansa. Idan har za ka shafa, masu harkar suna amfani da Tribosys 3203 ga masu tudu, ko Krytox 205g0 shafi kaɗan, da Krytox 105 ga sifirin. Ana buɗe suwic ɗaya bayan ɗaya, a shafa da siririn buroshi a gefunan da kara ke zamewa. Ƙa'idar da ba a karyawa: kada mai ya taɓa ƙafafun karan masu ƙusumbi, in ba haka ba tudun da ka biya kuɗi dominsa zai dushe. Aikin yini ne ga mai farawa.

Man keken ɗinki, baƙin mai, basilin, man gyaɗa, WD-40, duk na ji an gwada, kada ka bi sahu. Wasu suna cin roba, wasu suna daskarewa su yi danƙo, kuma dukkansu suna kama ƙura su zama taɓo. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, mai ruwa-ruwa gangarawa yake yi har kan fallayen ƙarfe. A Kano, suwic busasshe ya fi wanda aka cika wa mai daɗewa.

Ina aiki da dare, iyali na barci. Mai tudu yana da ƙara?

Ba ya ƙas-ƙas, amma ba shiru yake ba. Ƙarar daga bugun kara a ƙasa take zuwa da komawarsa sama, kuma manyan tudu sun fi ƙara saboda yatsa na faɗawa da ƙarfi bayan ya haye. U4T da Cream Blue Pro za a ji su daga ɗaki zuwa falo. Akwai masu tudu da aka sa wa ɗan matashin roba a jikin kara, ana rubuta musu silent: Boba U4, wanda babu T a ƙarshensa, da Akko Penguin, da Outemu Silent Lemon wanda ya fi su araha. Saukarsu na da ɗan laushi kamar taka darduma, wasu na so wasu ba sa so. Shimfiɗa kyalle mai kauri a ƙarƙashin kibod ma yana rage amon tebur, musamman na ƙarfe.

Na saka sababbi, wasu maballan sun ƙi aiki. Sun lalace ne?

Da wuya. Kusan kullum ƙafar ƙarfe ce ta lanƙwashe ta kwanta a gindi maimakon ta shiga rami. Ka zaro shi, ka miƙe ƙafar a hankali da ɗan hantsaki, ka mayar a tsaye ba a karkace ba. Kada ka danna da ƙarfi idan ka ji turjiya, domin soket ɗin da ke bayan allo da dalma kaɗan aka riƙe shi, yana iya ɓallewa. Ka cire wayar kibod kafin ka fara, sannan ka buɗe shafin rubutu ka gwada kowane maballi kafin ka mayar da huluna.

Idan tsohon suwic ne ke fitar da harafi biyu, ka koma tambayar hunturu. Ka sauya shi da na ajiya, shi ne amfaninsu. In babu, ka zaro shi, ka danne karan ka ɗiga masa sinadarin isopropyl da masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, ka danna sau da yawa, ka bar shi ya bushe sarai. Idan kuma ƙarar kwaram-kwaram kake ji a dogon maballin tazara ko Shift, ba laifin suwic ba ne. Wata waya ce a ƙarƙashinsu da ke hana su karkacewa, Turawa na kiranta sitabilaiza, ba ruwanta da wadda muke jona wa firji. Ita ce ke son giris mai kauri a ƙarshenta.

Kibod ɗina na dalma ne. Ya zan yi?

Ana iya sauyawa, amma kowane suwic ƙafa biyu ne da za a narkar a zuƙe dalmarsu, wato wuri 174 a kibod mai maballi 87, sannan a sake like wasu 174. Mai gyaran waya ko rediyo da hannunsa ya faɗa zai iya, da ƙarfen narkar da dalma da abin zuƙe ta. Ka roƙe shi kada ya yi amfani da bututun iska mai zafi da suke ɗaga ƙananan kayan waya da shi, yana narkar da gidan suwic. Ka haɗa kuɗin aikin da na suwic ka gwada da farashin sabon kibod na cire-saka. Idan maballi ɗaya ko biyu ne suka mutu, gyara ya fi. Idan duka kake son sauyawa don jin daɗin yatsa, sau da yawa gara ka sayar da wannan ka cika ka sayi wancan.

Wane suwic ne zai ba ni ƙ, ɗ da ɓ?

Babu. Suwic bai san harafi ba, sanarwa kawai yake aikawa cewa an danna wuri kaza, kwamfuta ce ke yanke abin da zai fito. Windows yana da tsarin kibod na Hausa a cikinsa, sai ka ƙara shi a saitin harshe, akwai kuma manhajar Keyman ga mai son wani tsarin. Haka abin yake ga mai buga Larabci ko ajami: tsarin a kwamfuta ake sauya shi, idan kuma kana son ganin baƙaƙen a kan maballai, huluna masu rubutun Larabci za ka nema. Kowace hula mai ramin alamar tarawa za ta hau kan dukkan suwic ɗin da aka ambata a nan, sai dai ka tabbatar saitin yana da dogon maballin tazara da Shift masu tsawon na kibod ɗinka, domin ƙananan kibod sukan zo da gajeren Shift a dama.